Butar Baba a Bakin Aiki

Shekara tara na yi ina duba tituna a wata kwamin, wato ƙaramar hukuma, da ke tsakanin Magarya da Dungas. In ka tambayi mutanen garin aikin da nake yi, rabinsu za su ce yawo, kuma ba su yi ƙarya sosai ba. Meri, wato hukumar magajin gari, ta ba ni jile, rigar aiki marar hannu mai ruwan ɗorawa, da kaye na rubutu, da hatimi, da abin awo wanda ya tsinke daga mita uku. Takardar aikina ta ce in kula da tituna da hanyar masu ƙafa. Hanyar masu ƙafa kuwa duk garin babu ita sai taku arba'in a gaban biro, wato ofishinmu, ita ma mai shayi ya daɗe da gaje ta.

Da rani aikin ba wuya. In ce wa mai tebur ya ja baya, ya ja, in juya ya maido. In hana masu amalanke ɗaure jaki a tsakiyar hanya, su ce to Mushe, yadda ake kiran ma'aikaci da Faransanci, jakin ya bi ni da kallo. Sai damina ta ƙarato ake tunawa da ni, shi ma don a zage ni.

Garinmu ba magudanar siminti ko ɗaya, ruwa titi yake bi. Da an fara ganin hadari daga gabas, kowane magidanci sai ya cika tsofaffin buhuna da rairayi, ya jera a ƙofarsa, ya bi da ƙasa, ya tura wa maƙwabci ruwan. Datsi muke ce masa. Maƙwabci ya yi nasa ya fi na farko tsayi. A masallaci a gaisa har da tambayar iyali, a fito kowa ya ƙara buhu. Ruwan da kowa ya kora kuwa gangarawa yake yi, har ya samu gidan da ba shi da wanda zai tura wa.

A layinmu wannan gida na wata tsohuwa ne mai sai da nono. Daga wajen Kwaya ta dawo gari bayan mijinta ya rasu, shanun suka watse a hannun magada. Ɗaki ɗaya gare ta, na ƙasa, kuma daminar da ta wuce ruwa ya ci gindin bangon har hannu yana shiga. Ta zo biro da ƙwaryarta, na ba ta kujera ta ƙi, ta zauna a ƙasa. Ba ta yi kuka ba, ba ta kai ƙarar kowa ba. Cewa kawai ta yi bangon ba zai ga kaka ba, kuma in ya faɗi ba ta san ƙofar da za ta nufa ba. Wallahi na ji kunya, don layin namu ne, a nan aka haife ni.

Na yi abin da aka koya mini: na rubuta wa kowane mai datsi takardar kira, na buga hatimi har hannuna ya yi ciwo. Ba wanda ya zo. Kwana uku bayan nan na sayi ƙosai, aka naɗe mini shi a ɗaya daga cikinsu, sa hannuna yana shan mai.

Sai na ce bari dai in san hanyar ruwan da idona. Mahaifina magini ne, kuma tun ina ƙarami na ga yadda yake yi in ya gama daɓen soro: ya zuba ruwa daga buta, ya tsuguna ya ga inda zai bi. Na shiga zaurensa na ɗauko shuɗiyar butarsa ba tare da na tambaya ba. Bakinta yana yoyo, na ɗaure shi da jan ƙyalle. Da safe na fito da jile, na tsaya a ƙofar gida na farko, na zuba ruwa, na tsuguna ina kallo, ina ƙirga taku a bakina, ina rubutawa a kaye.

Kafin azahar labari ya gama gari. Wai an ga ɗan meri yana bin ƙofofi da buta mai jan ƙyalle, yana zubawa yana motsa baki. Wasu suka ce daga Waca aka haɗo mini, wasu suka ce daga ƙetaren iyaka, don ƙaramin aiki ba ya kai haka. Akuyar wani tela ta yi ɓari, aka ce ai jiya na tsaya a ƙofarsa. Wani kuma aka ce tun da na zuba masa, iyalinsa sai haƙuri. Wannan ita ta fi aiki. Mazan da ba su ji tsoron hatimin hukuma ba, suka fito da fartanya tun kafin in iso.

Ban taɓa cewa akwai wani abu a butar ba. Amma Allah ya sani ban ce babu ba. In aka tambaye ni sai in dubi ƙasa in ce aiki ne aka sa ni. Har na fara jinkirta motsa bakin, ina lumshe ido ɗaya. Cikin kwana goma datsin layin duk ya kau, shef ɗina, shugabana a biro, yana ta yabon takarduna.

Saura guda ɗaya, kuma shi ne mai dalili. A kusurwar da ya kamata ruwa ya karya ya shiga lungu ya faɗa tafki, akwai wani datsi da ba na buhu ba. Na dutse ne, an yaɓe shi sumul, aikin gwani. Muddin yana nan, duk ruwan da na sako daga sama kai tsaye zai wuce ɗakin tsohuwa, yanzu ma ba abin da zai rage masa gudu. Datsin Baba ne. A bayansa zauren da ya gina da hannunsa shekarar da aka haife ni, inda yake zama da abokansa tun da gwiwa ta hana shi hawa gini.

Na yi ta kewaye-kewaye. Na duba titin tasha sau biyu, na auna ramin da kowa ya san zurfinsa. Mutane suka fara cewa ashe butar ta san gida, na kuma ga tela ya fito da buhuna yana kakkaɓewa. Ran nan da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kawo ƙamshin ƙasa. Na ɗauki buta na tafi, rabin unguwa a bayana.

Baba yana zaune a bakin zaure. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon hannuna. Ya miƙo nasa, na ba shi butar. Ya juya ta, ya taɓa jan ƙyallen, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

"Mushe, kwana goma sha biyu ina alwala da gwangwani."

Na ce a raina shi ke nan, yanzu zai kurɓi ruwan butar a gaban jama'a, gobe kowa ya maida datsinsa, ni kuma in nemi garin da ba a san ni ba. Sai ya miƙe da ƙyar, ya tambaye ni a ina nake zubawa. Na nuna. Ya ce tun ina yaro ba na gane kan gangara. Ya matsa taku biyu, ya zuba da kansa, ya tsuguna da gwiwar nan tasa. Ruwan ya zo ya bugi datsi, ya juya, ya miƙe siriri ya nufi ƙasan layi. Daga inda muke ana hango ɗakin tsohuwa, ta jingina wa bangon itace biyu. Baba ya daɗe yana kallo. Sannan ya dubi gindin zaurensa, ya daɗe nan ma.

Ya ɗaga murya ya ce wa jama'a: "Ku ja baya. Kada wanda ya taka wurin nan."

Suka ja baya har suna ture juna. Ya aika aka kawo masa diga, ya ƙi ba ni, shi ya fara cire dutsen farko.

Ruwan ya sauka kafin magariba, ya karya kwana ya shiga lungu kamar yadda kayena ya ce, yana lasar gindin zaure. Haka ya yi ta yi duk daminar. Na kawo buhuna in kare bangon, Baba ya ce in kwashe, in aka ga buhu ɗaya a ƙofarsa gobe za a ga ɗari. Ana cikin cirar gyaɗa bangon gabas ya zauna, rufin ya bi shi. Ba kowa a ciki. Ɗakin tsohuwa yana nan tsaye da itacensa biyu.

Gari ya yanke hukunci nan take: ɗan meri ya zuba wa ubansa abu, zaure ya faɗi. Tsohuwar da kanta ta zo jaje da ƙwaryar nono, ta roƙi Baba ya yafe mini, wai yaran zamani ba su san nauyin abin da suke ɗauka ba. Baba ya ce ya yafe, ya sha nonon.

Da ta tafi na ce masa zan fito in faɗi gaskiya, ruwan rijiya ne, na gaji da yadda ake kauce mini a hanya. Ya tambaye ni ko akwai damina baɗi. Na ce akwai. Ya ce to in riƙe bakina, in kuma sayo masa buta.

Shekara huɗu ya ƙara a duniya, yana zama a kan tabarma a inda zauren yake, bai taɓa gyara zancen ba ko a gaban abokansa. Ranar da muka kai shi, ina ji wani a bayana yana nuna wa baƙo ni, yana cewa wancan ne ɗan da ya kayar masa da zaure. Ban juya ba. Watan shida ne, kuma gabas ta fara haɗa hadari.