Abdulrauf da Tablon ɗin Motar Ubansa

Abdulrauf ɗan ƙanena ne, marigayi Badaru. A unguwar Ƙurban ta Madina aka haife shi, yana aiki a wani otal kusa da Harami, yana miƙa wa alhazai makullin ɗaki. Ba ya sata, ba ya fashin salla. Aibinsa ɗaya ne: in idonsa ya faɗa kan abu a karkace, ko uwarsa ce ke kira ba ya ji.

Badaru ya rasu ya bar wata tsohuwar mota Kabris, doguwa kamar makara. Da ita ya ci abinci, yana kai baƙi ziyara. Duk Asabar da hantsi kuma sai ya ɗauki matarsa Fatna su je masallacin Ƙuba su yi raka'a biyu. Da ta fita takaba, abu ɗaya ta roƙi ɗanta: ya kai ta Ƙuba a motar ubansa. Ya ce, “Abshiri, an gama, ya Ummi. Bari in gyara ta tukuna.”

Inji ya tashi, aka yi fenti. Sai ya ɗaga shimfiɗar da ke kan tablon, wato allon nan na gaba da ke bayan sitiyari. Kowa a Madina rufe shi yake yi saboda rana. Wannan shimfiɗa Fatna ce ta ɗinka da hannunta daga tsohon bargo, har da tuntaye a baki. Ya ga robar da ke ƙasa ta tsattsage kamar kaushin ƙafata. Ya wurga shimfiɗar a bola, ya aika a kawo masa sabuwar roba daga waje.

Ta zo, ta ƙi zama. Ramukan noti ba su hau juna ba. In ya danne dama, hagu ya ɗaga. Wani mai hankali irin nasa ya ce ya shanya ta a rana ta yi laushi. Ranar Madina! Ya ɗora ta a kan soro, kafin la'asar ta nannaɗe kamar ganda a wuta. Ya tafi tashlih, inda ake fasa matattun motoci, ya ɗauko wata. Wannan kuma ya bi ta da abin busar da gashin matarsa har ta yi kumburi.

Duk wannan hauka, Fatna tana sa abayarta kowace Asabar, ta zauna bakin ƙofa da carbi har azahar, sannan ta cire. Ciwon sukari kuwa yana ta cin idonta.

Na same shi kwance ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu a waje.

“Kai, motar nan tana tafiya?”

“Tana tafiya, Gwaggo.”

“To me kake jira?”

“Shufi, dubi nan wajen gilashi. Yatsa yana shiga.”

“Wa ya aike ka sa yatsa? Uwarka za ka ɗauka ko yatsa?”

Ya yi dariya, ya ce mini da Larabci wai ban san mota ba. Ban santa ba. Amma na san ido in ya kama hanya.

Sai da shekara ta zagayo sannan roba ta uku da ya samo ta zauna daram. A lokacin Fatna ba ta ganin komai sai dishi-dishi. Muka kama hannunta muka zaunar da ita a gaba. Ta miƙa hannu inda ta saba, tana laluben tuntayenta. Ta ji roba, santsi. Ta shafa har ƙarshe, ta dawo.

“Wannan motar wa ce?”

“Ta Baba ce, ya Ummi.”

“A'a. Fitar da ni.”

Ya rantse, ni ma na taya shi rantsuwa. Ta ce a kira mata taksi. A taksin muka je Ƙuba, ni da ita.

Motar tana nan a ƙofar gida cikin tamfol. Duk baƙon da ya zo sai Abdulrauf ya yaye, ya ce masa ya gwada sa yatsa ya gani. Ni har yau ban leƙa ba. Tir.