Yatsun Baban Habsu

Wata ranar Talata ce cikin bazara, shekarar da na shiga aji biyu na kolej a Zinder, rufin kwano ya ɗau zafi har muna fifita da kayenmu, wato littattafan rubutu. Malamin lissafinmu ya bar aiki, sai aka ɗora wa Mushe Isufu, mai koya mana tarihi da ilimin zaman ɗan ƙasa, ya riƙe darasin. Ya shigo yana ƙamshin turare, ya ce yau zai nuna mana yadda ake gano iks, wato adadin da ba a sani ba. Ya rubuta a allo cewa iks a tara da uku ya ba da goma. Sannan ya juyo yana murmushi. "Kowane mutum yatsu goma gare shi a hannu. Baban Habsu saura uku. Nawa kuturta ta cinye? Habsu, taso ki gaya mana."

Habsu ƙawata ce, daga Kara-Kara, unguwar kutare, take zuwa, ni kuwa daga unguwar Birni. Kullum sai ta cika randunan gidansu da ruwan da ta yi layi a kansa tun asuba kafin ta taho lakwal, wato makaranta, duk da haka ta fi mu duka kai. A gindin dalbejiyar makaranta muke 'yar carafke, tana cinye ni, mu raba ƙuli-ƙuli da ɗanwaken da innata ta ƙunsa mini. Fatarta lafiya lau take, amma Mushe bai taɓa karɓar kayenta da hannu ba, da bakin bulala yake buɗe shafin.

Wasu yara suka yi dariya, don an saba in Mushe ya yi murmushi a taya shi. Habsu ta taso a hankali, ta ɗauki alli, ta goge ukun da gefen hannunta ta sa huɗu, ta rubuta shida a ƙasa. "Huɗu suka rage masa, Mushe. Da su yake tufka igiyar da ya sayar ya sa ni lakwal." Ta ajiye allin, ta naɗe kayenta a cikin mayafi, ta fita. Ba ta sake dawowa ba. Na bi ta gida sau da dama, babanta ma ya lallashe ta, ta ce ita da wannan aji har abada.

Washegarin abin, Mushen nan ya tsaya, ko kunya babu, yana karanto mana muna rubutawa cewa 'yan ƙasa duka ɗaya suke a gaban doka, ba a wulaƙanta kowa saboda asali ko lalura. Har maki yake ragewa in ka tsallake kalma. A darasin tarihi kuma rabin lokacin yakan tafi ne a kan kakansa, wai shi ke riƙe wa Sarkin Damagaram bindiga a fagen yaƙi. Da na kai wa kakata labari sai ta taɓe baki. "Ciyawar doki yake yanka, kuma mutumin kirki ne. Jikan ne dai Allah bai yi wa albarka ba."

Yanzu Mushe ya tsufa, ana ce masa Alhaji, in an yi taron unguwa shi ake ba lasifika ya yi jawabi kan tarbiyya. In na hango shi nakan sauya hanya, don ban ga gaisuwar da zan ɓata a kansa ba. 'Yata tana zama benci ɗaya da 'yan Kara-Kara, ba wanda ke tambayar hannun uban wani. Habsu kuwa tana Garagumsa tana noman gyaɗa da mijinta, sai a shekara ba mu haɗu ba. Da yanzu aka haife ta, da ta yi nisa.