Jarkokin da na gani a kyamara

Edita, ina yi maka sallama. Ni ba marubuci ba ne, karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, don haka ka gyara inda na karkace amma kada ka rage maganar. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba. Waɗanda suka san abin za su gane ni, waɗanda ba su sani ba labarin ya ishe su.

A lokacin da abin ya faru ina sayar da kayan gyaran babura a Birnin Gwari, shagona a jikin gidana yake. Ina da rufin asiri, ina kuma da baki, domin ni mutum ne da ba a faɗa mini in yi shiru. Ɓarayi sun fasa mini shago har sau biyu, ga kuma halin da garin yake ciki, kullum sai ka ji an tare hanya ko an kwashe mutane a gona. Sai wani mai haɗa sola ya zuga ni in sa kyamarar tsaro, irin wadda take ɗauka dare da rana tana adanawa a cikin wani ɗan akwati. Na sa guda a ƙofar shago, na sa ɗaya a saman katanga tana kallon lungun bayan gida. Mai haɗawar bai gaya mini akwai inda ake kafawa da inda ba a kafawa ba. Ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ni kuma ban tambayi kowa ba.

Maƙwabcina na jikin katanga Bafulatani ne, amma a gari ya girma, yana sayar da maganin dabbobi a kasuwa. Yaya yake ce mini. Mahaifinsa tsoho ne mai barkwanci, yana zaune a rugarsu can wajen Dogon Dawa, kuma duk ranar da ya shigo gari sai ya tsaya a shagona ya kira ni Kaɗo mai tumbi, ya ce tuwo ya hana ni ganin ƙafata. Ni kuma in ce masa Baffa ya bari sai ya yi ƙiba ko ta kwana ɗaya kafin ya yi magana. Haka muke, har sai da kyamarar nan ta shiga tsakani.

Ta saman katangar ashe ba lungu kaɗai take ɗauka ba, tana leƙa rabin tsakar gidansa, har wajen da matarsa take wanki da shanya. Ya zo ya same ni cikin ladabi, ya ce Yaya don Allah a ɗan karkatar da ita, iyalinsa ta kasa sakewa, ko ruwa za ta ɗiba a randa sai ta sa hijabi. Na ce masa katangata ce, kuɗina ne, kuma wanda ba shi da abin ɓoyewa ba ya tsoron kyamara. Ya kai maganar wurin mai unguwa, mai unguwa ya ce in gyara, na ce to, ban gyara ba. Tun daga ranar na riƙe maƙwabcin nawa a zuciya, don a ganina ya tozarta ni a gaban manya. Sai na fara zama ina kallon allon nan kamar mai kallon fim, ina jiran in ga wani abu a kansa.

Lokacin an hana sayar da fetur a jarka, saboda an ce da shi mutanen daji suke yawo. Wata rana da la'asar ina duba abin da kyamarar ta ɗauka, sai na ga wani mai babur ya tsaya a lungu, fuskarsa a naɗe da rawani. Maƙwabcina ya fito ta ƙofar baya yana waige-waige, ya ɗaura masa jarkoki biyu da buhun burodi. Ba zan yi ƙarya ba, daɗi na ji. Na ɗauko wayata na haska allon na ɗauki wajen, ina magana a kai da bakina, ina cewa ga infoma nan Allah ya tona asirinsa, ga mai kai wa 'yan bindiga mai a unguwarmu. Da na ga ya koma ciki ya sake fitowa da wata leda, sai na tsayar da ɗauka, don a ganina abin da nake nema na riga na samu.

Matata ta roƙe ni, ta ce Malam ka tsallaka ka tambaye shi, katanga ɗaya ce tsakaninku, ko kuwa ka kai wa hukuma su bincika. Ta ce kwanakin nan matarsa ta rame, ko gaisuwa aka yi sai ta share hawaye. Na ce mata ta tsaya a kan tukunyarta. Ban je wurin 'yan sanda ba, don a raina na ce za a ba su wani abu su sake shi. Sai na tura wa wani abokina ɗan sa-kai, na kuma jefa a zaurenmu na 'yan kasuwa a waya. Kafin magariba babu wayar da bidiyon bai shiga ba.

Washegari jama'a suka kama maƙwabcin nawa a rumfarsa. Ban je ba, amma daga shagona ina jin ihun. An ce yana ta rantsuwa yana cewa a bar shi ya yi bayani a keɓe, ba zai iya faɗa a cikin taro ba, mutane kuwa suka ɗauki wannan a matsayin amsa laifi. Kafin 'yan sanda su ƙwace shi an karya masa ƙafa, an fasa masa ido ɗaya. Ranar mutane suna ta zuwa suna ba ni hannu, wani har ya ce da a ce kowa irina ne da garin ya zauna lafiya. Na sha shayi na ƙara.

A ofishin 'yan sanda gaskiya ta fito. Ashe mutanen daji sun afka wa rugar mahaifin maƙwabcina, sun kore shanun, sun tafi da tsohon. Sun kira ɗan nasa a waya sun yanka masa kuɗin fansar da zai kawo, suka ce kafin ya haɗa ya riƙa aiko da mai da burodi ta hannun wanda za su turo, kuma in magana ta fita ko jami'i ɗaya ya ji, to kada ya ƙara neman ubansa. Duk ɗan yankin nan ya san haka ake yi. Wanda aka ɗauke wa mutum ba ya shela, sai dai ya ce ya yi tafiya ko yana asibiti a Zariya, ya riƙa sayar da abin hannunsa a ɓoye. Ni ma na sani, domin an taɓa yi wa ɗan ƙanwar mahaifiyata. Amma da na ga Bafulatani da jarka, kuma wanda nake jin haushinsa, ban ma tuna ba.

'Yan sanda suka zo suka kwance akwatin kyamarar gaba ɗaya, suka kunna a gabana. Suka wuce inda na tsayar. Ledar nan da ya fito da ita maganin hawan jinin tsohon ne da bargonsa, ana ganinsa yana nuna wa mai babur yadda ake sha, yana riƙe hannunsa kamar mai roƙo. Da babur ya tafi sai ya zauna a ƙasa a lungun, ya kifa kansa a gwiwa ya daɗe bai tashi ba. Duk wannan yana cikin na'urata, a cikin ɗakina. Jami'in ya juyo ya tambaye ni me ya sa bidiyona ya ƙare kafin nan.

Mutanen daji ma suna da waya, bidiyon ya kai gare su. Suka ga hoton ɗan aikensu yana yawo, suka ji wanda suke magana da shi yana hannun hukuma. Ƙanin maƙwabcin nawa ya yi ta kiran lambarsu, suka ɗauka sau ɗaya suka ce an ci amanarsu, suka kashe. Daga nan ba a ƙara samun su ba. Har yau da nake wannan rubutu ba a ga tsohon ba, ba a kuma ga gawarsa ba. Sai sallar ga'ib aka yi masa, ni kuwa ban iya shiga sahu ba.

Aka tuhume ni da ɓata suna da tunzura jama'a. Lauyan da 'yan'uwana suka samo mini bai ɓoye mini komai ba. Ya ce doka ba ta hana mutum sa kyamara a ƙofarsa ba, amma juya ta cikin gidan wani keta sirrinsa ne, ko ba a ga komai ba maƙwabci yana da ƙara a kaina. Ya ce kotu tana karɓar hoton kyamara, amma sai an kawo shi cikakke daga na'urar, da takardar shaidar cewa tana aiki daidai, a bar alƙali ya auna shi da sauran shaidu. Guntun da na haska da waya, in ji shi, ba zai tabbatar da laifin kowa ba sai nawa, tunda muryata ce a ciki kuma ni na fara turawa. Waɗanda suka ba ni hannu kuwa duk suka zame. Abokin nawa ɗan sa-kai ya rantse bai taɓa ganin bidiyon ba sai a wayar mutane.

Ban shiga kurkuku ba, kuma ba wayona ba ne ya fitar da ni. Dattawa sun shiga maganar, aka kai ni gaban maƙwabcin nawa yana kwance da ɗauri a ƙafa. Na durƙusa na ce ya yafe mini, zan ɗauki nauyin magani. Bai ɗaga murya ba. Ya ce Yaya da ka ƙwanƙwasa mini ƙofa da na gaya maka, don na fi yarda da kai a kan kowa a layin nan. Ya ce ya janye ƙara, ba ya son ko kwabona, ya bar ni da Allah. Da ya fara takawa ya sayar da gidan ya kwashe iyalinsa, ban san inda suka koma ba. Na so a ce ɗaure ni aka yi, ko ba komai zan san ranar fita.

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi a jikin wani. Kyamara tana nuna hannu ya miƙa jarka, ba ta nuna abin da ya sa. Ni na cika sauran da abin da yake cikin zuciyata. Ba na cewa kada ku sa, halin da muke ciki ya sa dole mutum ya tsare ƙofarsa. Amma ka tsaya wajen mai kafawa ka ga inda take kallo, in ta leƙa gidan wani ka sauke ta a ranar. In ka ga abin da ya tayar maka da hankali, kada ka yanka, kada ka yi magana a kai, kada ka tura wa kowa, ɗauki na'urar yadda take ka kai wa waɗanda aikinsu ne bincike. Ku kuma masu turawa gaba da zarar ya shigo wayarku, ku sani da hannunku a ciki, ko da kun goge. Idan kuma wanda ka gani a allon mutum ne da kake jin haushinsa, to ka fi kowa rashin cancantar yanke masa hukunci. Ina roƙon wanda ya karanta ya yi wa tsohon addu'a. Ni ban ce a yi mini ba.