Guntun faifan da aka bar mini

Ɗana na fari bai gaji dukanci ba. Ubansa ya tsufa yana ɗinkin takalma a zaurenmu, nan bayan babban masallacin Agadas, shi kuwa ya tafi Yamai a shekarun farko na mulkin kai, ya komo da kamara cikin jaka, ya ce sana'arsa ke nan: silima. Ba mai rawa da waƙa ba. Wai ta mutane ce a bakin aikinsu, yadda Allah ya yi su.

Ban ce masa uffan ba. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zaman hira da shi, ba ta duban idonsa. In ina da magana sai in faɗa wa ƙanwarsa yana ji, ko in faɗa wa bango. Haka na tarar ana yi, haka na yi. Amma ido nawa ne, kuma na sa shi a kansa.

Su uku ne, shi da abokansa biyu. Akwai wani ɗan Ingal, gajere, bakinsa ba ya hutawa, sai wani dogon Bazabarme mai gyaran rediyo a kasuwa. Kamarar ɗaya ce, tsohuwa, karo-karo suka yi suka saye ta. Ɗanyen faifan da ake ɗaukar hoto a kai daga Faransa yake zuwa da tsada, wankinsa ma sai an mayar da shi can. Saboda haka suka mai da abin kamar adashi. In wannan ya ɗauki tasa silimar ya sayar, kuɗin ba na aljihunsa ba ne, da su za a sayo ɗanyen faifan mai bi masa. Wanda ba lokacinsa ba ne shi ke ɗaukar ƙafafun kamara, ya riƙe farin zane don haske, ya kori awaki. Abinci kuwa daga tukunyata yake fita, ba wanda ya yi shawara da ni.

Da layi ya zo kan yaron nan, sai ya ce ubansa zai ɗauka. Na so in hana. Mai gida ya ce, "Bar su. Ai ba raina za su cire ba."

Daga bayan asabarin ƙofar ciki nake kallonsu. Abin da na lura da shi tun ranar farko, bakin kamarar ƙasa yake duba. Fata, basilla, zare, yatsu. Ɗan Ingal ya yi ta zungurar yaron.

"Kai, ɗaga mana kaɗan. Baba ba shi da kai ne?"

"Aikin a hannu yake," in ji shi.

Ƙarya yake yi, ni na sani. Yaron da bai taɓa ɗaga ido ya dubi fuskar ubansa ba, ina zai iya tsura mata gilashi? Wata rana da hantsi aka aike shi kasuwa sayen jan rini. Yana fita, ɗan Ingal ya ɗauki kamarar, ya ce da mai gida wai takalman Ingal sun fi na Agadas ƙarko. Na ji ƙarar kamarar tana tafiya. Na gani, na yi shiru.

Aka aika faifan Faransa. Yana can ciwon ƙirji ya kwantar da mai gida, kafin azumi ya rasu. Na shiga takaba. Ba fita, ba ado, ba tozali. Ina tsakiyarta faifan ya dawo a wanke.

Suka je suka kalle shi a wata lekol, makarantar boko, inda akwai mashin ɗin nunawa. Ni ban gani ba, sai dai bangon zaure ba shi da kauri, duk abin da suka tattauna ya iske ni. Wani anasara ya sauka garin yana sayen irin waɗannan silimomi, yana kai wa masu talabijin na ƙasarsu. Ya gani, yana so, amma saye na har abada. Faifan kuwa shi kaɗai ne, yin na biyu ya fi ƙarfinsu. Anasaran zai bi kamyon, babbar motar kaya, da zai tashi bayan Juma'a. Ga damina ta matso, lokacin da makiyaya ke taruwa wajen Ingal su kai dabbobi lasar gishiri, kuma taron nan ne ɗan Ingal ya daɗe yana jiran ya ɗauka. Layi nasa ne. In ba a sayar ba, ba ɗanyen faifai, sai baɗi.

Wato mai gida zai bar gari karo na biyu ban gan shi ba. Takaba ta hana ni fita, kunya ta hana ni roƙo. Yaron ma ba zai iya zuwa ya ce, ko kina so ki gani? Muka yi ta wucewa ta gaban juna a tsakar gida kamar baƙi.

Ɗan Ingal ne ya zo gaishe ni. Ya tsuguna a bakin ƙofa daga waje.

"Inna, ina haƙuri?"

"Da godiya."

"Faifan ya yi kyau."

"Ban tambaye ka ba."

Na ɗan jima ina jan tasbaha. Sannan na ji bakina ya ce, "An ce yana motsi?"

"Yana motsi, Inna."

Iyakar maganarmu ke nan. Ya tashi.

Da la'asar gardama ta kaure a zaure. Ashe anasaran ya ce abin da ya fi so shi ne ƙarshen, inda tsohon ya ɗago kai. In babu wannan, hannuwa ne kawai, kuɗin da zai ba da ba zai kai na farko ba. Ɗan Ingal ya ce a yanke ƙarshen a bar shi a gida. Yaron nan ya ƙi.

"Ba zan ci amana ba," in ji shi. "Kun yi mini dako, kun sha rana. Abin da zai saura ba zai isa faifanka ba."

"Wa ya ɗauki wurin? Kai ko ni? Kana can kana cinikin rini. Nawa ne, kuma ba na sayarwa."

"Damina fa?"

"Shanun za su koma lasa baɗi. Ko ka ji an ce gishirin zai ƙare?"

Bazabarmen ya yi dariya ya ce, "Bar shi, ɗan'uwa. Ko an ba shi faifan bana, dabinon garinsu zai tsaya ɗauka."

"Kai dai dogon banza, je ka nemo mana waya mai tsawonka."

Daga nan ban ƙara jin muryar yaron ba. Na ji ana fyace hanci, ban san na wane ne ba.

Ranar Alhamis da safe suka zo da jaki. Sun aro mashin ɗin nunawa, sun aro ƙaramin mashin mai ba da wuta, wanda suka bari a kan hanya yana tari, waya ta biyo ta kan katanga har ɗakina. Bazabarmen ya haɗa komai daga tsakar gida, ya ja baya. Maza baƙi ba sa shiga ɗakin mai takaba. Dole yaron ya shigo da kansa. Ƙanwarsa ta rataya bargo a ƙofa, ɗakin ya yi duhu, ta zauna kusa da ni. Shi ya juya mini baya, yana fuskantar mashin. Tun da aka yaye shi ban tuna mun zauna ɗaki ɗaya ba.

Haske ya faɗa a bango. Ga hannuwan. Ba na bukatar a ce mini na wane ne. Ga babban yatsan da wuƙa ta taɓa tsagawa farcen ya fito a karkace, ga yadda yake lasar bakin zare kafin ya zura. Ba murya, sai ƙarar mashin. Ƙanwarsa ta fara kuka, na taɓa gwiwarta ta daina. An daɗe ana hannuwa. Sai hoton ya yi rawa, ya hau sama.

Mai gida ya ɗago kai. Hularsa ta zame gefe, yana nuna mai kamara da basilla, yana faɗa yana dariya. Na san abin da yake cewa, don ina bayan asabari ranar. Bai fi kurɓar ruwa ba, bango ya koma fari.

Na dubi bangon na ce, "A sake."

Bai juyo ba. Ya naɗe faifan baya, ya sake.

Anasaran ya tafi da hannuwan, ban san ƙasar da suke ba yanzu. Ɗan Ingal ya je taron makiyaya a shekarar nan hannu wofi, ya dawo yana ba da labarin abin da ya wuce shi, har na gaji da ji. Sai damina ta gaba ya samu ya ɗauka, yaron nan ya bi shi da ƙafafun kamara a kafaɗa. Ban taɓa yi wa ɗan Ingal godiya da baki ba. Kwanonsa dai nake fara zubawa, kuma ya lura, don har ya riƙa yi wa Bazabarmen gori.

Guntun da suka yanke yana cikin adudu, a naɗe da ƙyallen rawanin mai gida. Ba a ƙara sa shi a mashin ba. Nakan fito da shi in ɗaga a bakin ƙofa da hantsi. Fuskoki ne a jere, kowace ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba, daga sunkuye har ya ɗago. Yanzu idona ya daina rarrabe su, amma na san wajen da dariyar take, kusa da inda almakashin ya bi.