Ranar da Muka Kai Fim ɗin Akwatin Gawa Lafiya

Da asubar fari muka tashi daga Jos ranar Asabar ɗin da ta wuce, mu uku: ni, da abokina mai shirya fim, da direbanmu wanda ba ya iya tuƙi sai yana ba da labari. A bayan mota akwai majigi da lasifika da farin ƙyalle. Lafiya muka nufa, za mu nuna sabon fim ɗin abokin nawa a karon farko a wajen gida, kuma tun da muka hau hanya ya kasa sakin jiki.

Fim ɗin na barkwanci ne, amma mai ɗaci. Ɓarayi biyu ne a wata ƙasa da ake yaƙi suka sace janareta, suka sa shi cikin akwatin gawa, suka ɗora a amalanke, saboda babu sojan da zai buɗe akwatin gawa a shingen hanya. Duk inda suka bi sai a cire hula, a yi musu ta'aziyya. A Jos abokan sana'a sun yi dariya sun tafa. Amma an gargaɗe shi cewa a Lafiya zai tarar da mutanen da rikici ya taɓa korar su daga gonakinsu, kuma ba kowa ke ɗaukar gawa abin wasa ba. Ya ce idan mutane suka watse masa, zai ajiye fim ɗin gaba ɗaya, duk da wahalar da ya sha a kansa.

Mun gangara Hawan Kibo gajimare na lulluɓe da duwatsu, manyan motoci na rarrafe kamar masu ciwon gwiwa. A Akwanga muka karya da ƙosai da kunu, a nan kuma muka tuɓe rigunan sanyi. Daga Nasarawa Eggon sai mangwaro da yazawa a bakin titi, ga doya tsibi-tsibi da arahar da ta sa direbanmu ya riƙa taka birki ba gaira ba dalili. A Shabu ɗalibai ne bibbiyu a kan mashin, wani har da buhun rogo a tsakani. Muka shiga Lafiya lafiya, rana ta tarbe mu da hannu biyu. Wanda ya taso a Jos bai san zafi ba sai ya zo nan.

Kusa da kasuwa muka ci sakwara da miyar agushi. Mai abincin tana yi wa wannan Hausa, ta juya ta yi wa wancan Tibi, ta tsawata wa mai wanke-wanke da Turancin kasuwa, duk a numfashi ɗaya. Ni na ƙara malmala. Abokina ko rabin tasa bai ci ba.

Bayan la'asar ɗakin taron da muka kama ya cika. 'Yan kasuwa, ɗalibai, mata da suka rufe rumfa da wuri, ga wani fasto da wani alhaji a kujerun roba na gaba suna fifita da kwali ɗaya. Aka rufe tagogi, aka fara. Da farko shiru kake ji, shirun da ba ka san inda ya dosa ba.

Sai aka zo shinge na farko. Soja ya sara wa akwatin, ya shinshina, ya ce yana jin warin fetur. Babban ɓarawon ya share hawaye ya ce ai marigayin direban tanka ne. Wata mata a layi na uku ta fashe da dariya har ɗankwalinta ya zame. Kamar ita ake jira, ɗakin ya ɗauka. Alhaji yana bubbuga gwiwar fasto, ɗalibai suna ihu wa sojan cewa ya buɗe, ya buɗe. Na ji abokina ya sauke numfashi.

Amma fim ɗin yana da kwana. A wani ƙauye da aka ƙone, wata tsohuwa ta tare ɓarayin, ta roƙe su su ɗauki ɗanta da aka kashe, don babu namijin da ya rage da zai kai shi makabarta. Dole suka sauke janaretan a daji suka sa yaron a akwatin. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai kukan tayar amalanke. Wani mutum mai shuɗiyar riga ya tashi a hankali ya fita. Abokina ya damƙe hannuna. Ba wanda ya bi bayan mutumin. Da ɓarayin suka tsaya a bakin kabari suna gardamar wace addu'a za su yi, alhali ba wanda ya iya ko ɗaya, aka sake dariya, sai dai wannan karon wasu na goge ido da gefen mayafi.

Da aka buɗe tagogi, matar nan ta layi na uku ta nufo mu. Mai sayar da doya ce, daga wajen Adogi, Hausarta ta koyo ce.

"Ɗana, kai ne ka yi wannan abu?" ta tambayi abokina.

"Ni ne, Mama."

"Ranar da muka gudu daga gona, tukunyar miya na ɗauka a kai. Na yi gudu har bakin titi, ko kaɗan bai zube ba. Da muka tsaya, babu tuwo. Duk muka zauna muna kallon miya. Muka yi dariya har muka koma kuka. Ban taɓa gaya wa kowa ba, kar a ce Mama ba shi da hankali. Yau na ga ashe ba ni kaɗai ba ne."

Mai shuɗiyar rigar kuwa bai tafi ba. Muka same shi zaune a gindin darbejiya a ƙofar ɗakin. Tela ne a cikin gari. Abokina ya durƙusa ya ba shi haƙuri.

"Ba fushi na yi ba," in ji shi. "A amalanke aka kawo mana ƙanena gida. Da na ji kukan tayar nan sai na kasa zama."

"In cire wurin, Malam?"

"Kar ka cire. Haka abin yake. Amma ka riƙa gaya wa mutane kafin a fara cewa akwai gawa ta gaske a gaba, mai ciwo a zuciya ya shirya." Sai ya tambaya: "Sun binne yaron kuwa?"

"Sun binne shi."

"Madalla. To, janaretan fa?"

"Kafin su dawo wasu ɓarayin sun sace."

Telan ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suna rawa. Sai da ya ɗago muka tabbatar dariya yake yi.

A Lafiya muka kwana. Da safe, muna loda kaya, sai ga ɗan acaɓa da doya manya-manya, wai Mama ta ce a kai wa iyali. Muka kamo hanya, abokina yana ta gwada kalmomin da zai riƙa faɗa kafin a kunna majigi, muna gyara masa. Kafin azahar mun iso Jos, sanyi ya karɓe mu.

Na tafi ina zaton waɗanda suka ga masifa da idonsu su ne za su fi ƙin a yi dariya a kanta. Na dawo na san cewa su ne suka fi mu sanin inda dariyar take da inda take ƙarewa. Namu kawai mu nemi izininsu kafin mu fara.