Kalle Ni Cikin Ido

Jama'a, yau saikolojin da nake karantawa a jami'a ya kunyata ni a gaban mahauta!

Da safe na raka Baba mayankar Trans-Amadi, sai aka ce ragonsa ɗaya ya ɓata. Ya kira Malam Sale, mai kula masa da dabbobi shekara da shekaru. Bawan Allah ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya ce, "Wallahi Alhaji ban san inda ya shiga ba."

Ni kuma sarkin iyayi na tsoma baki. Na ce, "Baba, ƙarya yake. Mun karanta halayyar ɗan Adam. Dubi yadda ya kasa haɗa ido da kai. Sallame shi kawai."

Malam Salen nan ya isa ya haife ni fa!

Ana cikin haka sai ga wani mahauci ya janyo ragon daga bayan tirela, yana cin kwali abinsa.

Baba ya juyo ya ce, "To ɗan boko, kalle ni cikin ido ka maimaita."

Wallahi na kasa. Tun da nake ban taɓa haɗa ido da Baba ba. Takalmina kawai nake kallo.

Malam Salen ne ma ya ce, "Alhaji, a yi masa haƙuri, yaro ne."