Shaiɗan Mai Farar Riga

Ni dai a aji uku na bar makaranta, fenti na sani. Shekara ashirin ina zana zaki yana kama barewa a bayan manyan motoci a Bolari, ba wanda ya taɓa tambayata laifin barewar.

Wata shekara gab da Kirsimeti, matar maƙwabcina ta zo shago da farin ƙyalle. Ita ke shirya wa yaran cocinsu na Herwagana wasan kwaikwayo.

"Malam, Shaiɗan za ka zana mana. Babba."

Na ce, "Madam, a ina na san shi?"

"Kai da kullum kake cewa ya cika gari?"

Da gaskiyarta. Na zauna ina tuno waɗanda suka cuce ni a rayuwa. Ko ɗaya babu mai ƙaho. Duk da sallama suka shigo, suna tambayar iyali. Sai na zana kyakkyawan mutum cikin farar riga, gashin baki a gyare, yana murmushi.

Da ta dawo, sai ta warware ƙyallen.

"Malam, wannan ai mijina ne."

Na duba, ashe shi ne. Har wushiryar. Mu masu sana'ar mun san wannan: in ba ka ba hannu fuska ba, wadda ya saba gani zai ɗauko. Mijin nata malamin makaranta ne, Ticha muke ce masa, kullum bayan la'asar muna dara a ƙofar shago. Shi kaɗai ke jure bakina a unguwar. In ya yi fushi, ba ni da kowa.

Sai ga shi a kan babur. Ya daɗe yana kallo.

"Mai fenti, wane ne wannan?"

"Shaiɗan ne," in ji matarsa. "Na daɗe ina faɗa, ba a yarda ba."

Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Tun ranar aurenmu ba a yi min hoto mai kyau haka ba. Har tumbin ya rage min!"

Ya naɗe ƙyallen ya ɗaure a bayan babur, wai na falonsa ne.

Washegari dole na zana musu mai ƙaho da wutsiya. Da muka zauna dara na ce masa, "Kuna yaudarar yaran nan. Wanda zai cuce su ba haka zai zo ba."

Ya ce, "Bar su su girma tukuna. Kai ne da wasa."